Garmahon da Na Gyara da Ido

Litinin, 8 ga Fabrairu 1965, ƙarfe shida na safe

Wannan littafin na tattabaru ne. Na saye shi don in riƙa rubuta wacce ta yi ƙwai, wacce ta dawo daga tsere, wacce kyanwar maƙwabta ta gayyata cin abinci. Amma tun ran Juma'a akwai magana a bakina da ba ni da wanda zan faɗa wa. Tattabaru ba sa karatu, don haka su ara mini shafukan baya.

Ni ne Wilf Harbottle, shekara arba'in da tara. Na bar makaranta ina sha uku, ni da malamin muka yi murna rana ɗaya. Tun daga nan ina ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Wear. Aikina duba ƙusa. In ɗora yatsa a kanta, in ƙwanƙwasa da 'yar guduma. Mai sako-sako tana rawa ƙarƙashin yatsa, sai in zagaye ta da alli a zo a cire. Mai kyau ba a yi mata komai, allin yana zamansa a aljihu.

Ran Juma'a na ce wa Hilda, matata, zan je asibiti saboda baya. Bayana lafiyarsa lau. Kunnen hagu dai ya tafi hutu shekara shida ke nan, ko wasiƙa bai aiko ba. Yanzu likita ya ce na dama ma yana haɗa kaya. Na ce masa yaushe jirginsa zai tashi? Bai yi dariya ba. Ya rubuta a takarda ya turo mini: kafin Ista.

Gwajin safe. Butar shayi, ina jin fitonta, amma kamar a gidan maƙwabta. Agogon bango, babu. Tattabaru, akwai. Jiniyar ma'aikata, akwai. Ita ko 'yan maƙabarta suna ji.

Laraba, 10 ga Fabrairu, hutun rana

Jiya wajen cin abinci Lennie ya zo da labari. Lennie ɗana ne, shi kaɗai gare mu, shekara sha tara, yana aiki a gidan burodi, gashi har wuya kamar tsumman goge ƙasa. Kwamitin kulob ɗin ma'aikata ya yarda shi da abokansa su yi kiɗa ran Lahadi 14 ga Maris da rana, tsakanin zagayen farko da na biyu na bingo, cacar lambobin da ake yi da kati da fensir. Karon farko a gaban mutane.

"Minti ashirin suka ba mu, Baba."

"Minti ashirin cur? Me mutanen suka yi muku?"

Hilda ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, tunda da hannuna a ciki. Shekara biyu da suka wuce Archie ƙanen Hilda, mai aiki a jirgin dakon kaya, ya dawo daga Amurka da faya-fayai uku da ya samo a Galveston. Kiɗan baƙaƙen can ne, buluz suke ce masa. Mu kuwa ba mu da garmaho. Na samo wani matacce a shagon tsofaffin kaya, ɗan ƙarfen tagullar da ke juya faifan ya karye. Na yanko tagulla a wurin aiki, na goge da fayil, wato magagari, na auna da ido, na saka. Na kasa kunne na ce daidai. Har yau ina ba da labarin a kulob, kowane karo garmahon yana ƙara mutuwa kafin in tashe shi.

Hilda ta ce ba dai a falonta ba. Aka kai shi rumfar bayan gida kusa da tattabaru, daga nan yaron ya ɓace mana. Ya sa allura, ya ɗaga, ya sa, ya ɗaga, har yatsunsa suka haddace duk abin da ke cikin faya-fayan nan uku. Sannan ya jawo Dessie ɗan mahauci da gangunansa, da Norrie kwandastan bas mai jita mai kaurin murya, da Moira ta masana'antar gilashi, yarinyar da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, wai ita ce mai waƙa.

Shekara biyu ban taɓa shiga na zauna ba. Abin da na yi kawai, na zagaye ƙofar rumfar da alli. Sun yi dariya, ni ma na yi.

Kwana talatin da biyu. Na roƙi na dama ya jira.

Lahadi, 14 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na shiga.

"Baba, ɓatan hanya ka yi?" in ji Lennie.

"Na zo in ga abin da ya hana tattabaruna ƙwai."

Dessie ya nuna buhun hatsi da sandar ganga. "Zauna can, Mista Harbottle. Kujerar manyan baƙi ce, jiya ɓera ya tashi daga kai."

Na zauna na shirya barkwanci uku da zan yi in sun gama. Ban yi ko ɗaya ba.

Na sha ganin ranar sakin jirgi. Ana bugun katakon ƙarshe, sai shiru, dutsen ƙarfen nan yana tsaye kamar ba zai taɓa motsi ba. Sai ya yi nishi. Sai ya gusa taƙi ɗaya. Daga nan babu abin da zai tsayar da shi a duniya har ya shiga ruwa. To haka yaran nan suke kiɗa. A hankali, da nauyi, kowane bugu sai ya zauna sosai kafin na bayansa ya iso. Lennie ya sa guntun bututu a ɗan yatsa, bututuna ne ma, na neme shi bara har na zargi Archie. Yana jan shi a kan tsirkiyar jitarsa tana kuka irin na babban mutum, wanda ba ya so a gani. Sai Moira ta buɗe baki. Na waiwaya in ga ko wata ƙatuwar mata ta shigo.

Rabi na ji, na sani. Na sama-saman ya wuce ni. Amma na ƙasan ya same ni har cikin haƙarƙari. Wannan yaron ni na koya masa ɗaure takalmi, wata uku muna fama. Daga ina ya samo wannan?

Da suka gama ya ce, "Yaya, Baba?"

Na ce, "Tattabarun sun yi gaskiya." Na fita da sauri, don hatsin nan yana sa ido ruwa.

Talata, 16 ga Fabrairu, shida na safe

Buta, babu. Tattabaru, akwai. Jiniya, akwai.

Alhamis, 18 ga Fabrairu, hutun rana

Kowa a ma'aikatar nan kunnensa rabi ne, da hannu da leɓe muke hira, ba wanda zai lura da ni. Amma yau na tsaya ina kallon tsoho Fenwick, wanda nasa suka tafi duka biyu tun kafin yaƙi. Komai aka ce masa murmushi yake yi yana gyaɗa kai. Ranar da aka ce masa ƙanensa ya rasu ma sai da ya yi murmushin kafin ya gane. Na shiga banɗaki na duba madubi ko na fara. Na fara.

Lahadi, 21 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Jiya Lennie ya je Newcastle. Wani ɗan jami'a, Piers Lockwood, mai faya-fayan Amurka cike da kabad, ya ji labarinsu a bakin Norrie cikin bas ya gayyace shi. Ya tafi da jitarsa yana fito. Ya dawo fuska kamar kwaɓin fulawa.

Bai ci abinci ba. Na bi shi rumfa na same shi ya ɗora guntun takarda a bakin faifai, yana kallon agogon hannu yana ƙirga juyi.

"Ba haka suke yi ba, Baba," ya ce, bai ɗago ba. Sai da na matso na sa shi ya maimaita. "Yana da faifan nan, irin nawa sak. Ya sa mini. Da sauri suke yi. Muryar mutumin ma ba mai kauri ba ce, siririya ce. Na kaɗa musu nawa suka kwashe da dariya, wani ya ce ko a wajen jana'iza na koya. Shekara biyu muna kwaikwayon abin da babu shi."

Bai ce garmaho ba. Bai ce tagulla ba. Ya kashe na'urar ya rufe ta a hankali kamar mai rufe gawa.

Ni mai barkwanci. Na tsaya nan bakina a buɗe, ko tattabara za ta iya yin sheƙa a ciki.

Litinin, 22 ga Fabrairu, shida na safe

Na auna da ido. Na kasa kunne na ce daidai. Wane kunne?

Alhamis, 25 ga Fabrairu, bakwai na yamma

Sun aro garmaho mai lafiya. Lennie ya ɗaure tsirkiyoyinsa sun ƙara tsauri, suna koyon komai daga farko, da sauri, a sama. Dessie ya fito shan taba yana cewa hannunsa zai cire. Norrie ya ce, "Ni ko bas ɗin ƙarshe ba ya wannan gudun."

Tattabaru, kaɗan.

Lahadi, 28 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Na koma kan buhuna. Ina ganin hannuwa suna gudu, ina ganin bakin Moira yana buɗewa, jijiyar wuyanta ta miƙe. Abin da ke iso ni kamar ruwan sama a rufin wani gida can ƙarshen layi. Na rufe ido don su ɗauka daɗi nake ji, ina gyaɗa kai ina buga ƙafa.

Da na buɗe ido su huɗun suna kallona. Dessie har ya kunna taba ya sha rabi. Ban san tun yaushe suka tsaya ba.

"Waƙar ta zauna mini a kai ne," na ce.

Mazan suka yi dariya. Moira ba ta yi ba. Ta raka ni har ƙofa, ta tsaya daidai gabana inda zan ga bakinta, ta ce, "Kakana ma a ma'aikatar ya yi aiki, Mista Harbottle."

"Allah sarki. Ya jikinsa?"

"Ya rasu. Ka faɗa wa Lennie zancen kunnenka."

Laraba, 3 ga Maris, shida da rabi na safe

Na lura Hilda ta daina yi mini magana daga kicin. Sai ta zo ta buga ƙafa a katakon ƙasa sau biyu, in na juyo sannan ta yi magana. Jiya na riƙe hannunta na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na ce maka uwata za ta zo ta yi wata guda, ka ce madalla."

"Ashe ba ta zuwa?"

"Tsohon banza," ta ce, ta gyara mini kwala wadda ba ta karkace ba. Sannan ta ce Lennie ya gaya mata zai je wurin kwamiti ya ce sun fasa. Sabon salon bai zauna ba, tsohon kuma kunyarsa yake ji. Ya ce gara ya tsaya a kan burodi, shi dai in ya ƙone ana ganewa tun ranar.

Ta ce, "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Amma wannan karon ka bar fayil a gida."

Juma'a, 5 ga Maris, shida na safe

Tattabaru, babu. Ina ganin maƙogwaronsu yana kumbura. Jiniya, akwai.

Lahadi, 7 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na same shi shi kaɗai a rumfa yana naɗe wayar lantarki. Na buɗe tsohon garmahon, na kwance ɗan tagullar, na ajiye masa a tafin hannu.

"Ga ɓarawon. Ya fi na ainihi siranta, shi ya sa yake jan ƙafa. Ni na yi shi."

"Na sani, Baba. Ba komai."

"Da komai. Na gwada shi da kunne na ce daidai, alhali tun lokacin kunnen ƙarya yake yi mini." Na ciro takardar likita na ba shi. Kalma biyu ce, amma ya daɗe yana karantawa.

Ya juya baya ya yi magana mai tsawo, kafaɗunsa suna rawa. Na taɓa shi na ce, "Ɗana, in zagina kake yi ka juyo, kada ka yi asara."

Ya juyo. Ba zagi ba ne. Ya ce me ya sa ban faɗa ba. Ya ce mako biyu ina zaune kan buhu ina gyaɗa kai, me nake ji? Na ce ba komai. Ya ce ranar farko fa? Na ce ranar farko na ji. Na ce a rayuwata na ga an saki jirgi sittin da wani abu, sau ɗaya na ji an sake shi a cikin rumfar tattabaru.

"Kuskure ne, Baba. Ba haka masu abin suke yi ba."

"Masu abin suna Amurka, suna da nasu. Ni ban san buluz ba, ban ma san yadda ake rubuta shi ba. Ƙusa na sani. Kunna akwatin nan."

Ya kunna. Na ɗora tafin hannu a kan akwatin sifika na ce ya kaɗa sabon. Ya kaɗa. Katakon yana ɓari ƙarƙashin yatsuna, tsalle-tsalle, ba ya zama wuri ɗaya. Na ciro alli na zagaye gefen akwatin.

"Yanzu tsohon."

Ya daɗe yana kallon da'irar allin. Sai ya zare wayar daga bango, ya sa tagullar a aljihu, ya fita.

Ban sani ba ko gyara na yi ko ƙarasa kashewa.

Talata, 9 ga Maris, hutun rana

Bai je wurin kwamiti ba, in ji Hilda. Amma sun kwashe kayansu daga rumfa zuwa bayan shagon mahauci, ba a gayyace ni ba. An liƙa takarda a ƙofar kulob, sun sa wa kansu suna Jar Ƙusa. Ban tambayi wanda ya zaɓa ba.

Jiniya, akwai, amma daga nesa. Kwana biyar. Kai dai jira.

Alhamis, 11 ga Maris, shida na safe

Jiniya, ina tsammani.

Juma'a, 12 ga Maris, takwas saura na safe

Ina tsaye bakin ƙofar ma'aikata na ga tururi ya fito daga bututun jiniyar, fari, dogo. Na ga tsuntsayen teku sun watse daga rufi. Na ga mutane sun ƙara sauri.

Bai jira ba.

Asabar, 13 ga Maris, da rana

Hilda ta goge mini kwat ɗin coci. Na ce me zan je yi, kallon kifi a cikin kwalba? Ta rubuta a bayan ambulan: za ka je ka zauna a gaba, ko in ja ka da kunnen, tunda ba shi da wani aiki yanzu.

Lahadi, 14 ga Maris, shida na yamma

Zan rubuta a hankali don kada in bar komai.

Kulob ya cika, hayaƙin taba har rufi, kowa da katin bingo da kofin giya. Aka gama zagayen farko. Yaran suka hau dandamali, Moira kamar an aiko ta da saƙo. Na ga bakuna suna motsi a tebura, na san irin maganar, ni na saba fara ta.

Lennie ya sauko da akwatin sifika daga dandamali, ya jawo shi har gaban kujerata. Da'irar allina tana nan a gefe, bai goge ba. Ya kama hannuna ya ɗora a kai. Na ga ɗan tagullar rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Ya koma dandamali.

Dessie ya ɗaga sanda. Na riƙe numfashi.

Bugu ɗaya ya shigo tafin hannuna. Na jira na biyun. Na jira. Sai da na fara tunanin wuta ce ta ɗauke, sannan ya iso, da nauyinsa duka. A hankali. Ya ma fi na rumfa jan ƙafa. Jitar Norrie ta hau ta gwiwar hannuna ta zauna a ƙirji. Da Lennie ya ja bututun nan a kan tsirkiya na ji shi yana tafiya daga ɗan yatsana zuwa babba, yana hawa, ya tsaya yana makyarkyata, ya sauko. Ban taɓa sanin hannu yana da wurin ajiye irin wannan ba. Shekara talatin da shida ina tambayar ƙarfe da yatsa ko yana lafiya, yau ya ba ni amsa mai tsawo.

Can na ga inuwa a gefena. Tsoho Fenwick ne. Ya kalle ni, ya kalli hannuna, ya ɗora nasa kusa da nawa. Murmushin nan ya bar fuskarsa. Na fi shekara ashirin ban ga fuskar Fenwick ba tare da shi ba, ashe kyakkyawan mutum ne. Sai wani tsohon ya taso, sai wani. Da akwatin ya cika suka jeru a bakin dandamali, tafuka a kan katako, kawuna a sunkuye, mutum tara ko goma, duk 'yan ma'aikata, kamar masu duba jirgi kafin a sake shi. Matan da ke baya sun ajiye fensir. Hilda ta ce mini daga baya minti talatin da biyar suka yi, kuma mai kiran bingo bai ko taɓa ƙararrawarsa ba.

Wannan karon na san lokacin da suka tsaya. Katakon ya yi shiru a hannuna.

Lennie ya sauko, gumi har haɓa. Ya durƙusa daidai gabana, ya buɗe baki sosai yadda muke yi a ma'aikata, ban san wa ya koya masa ba.

"Yaya, Baba?"

Na goge tsohuwar da'irar da hannun kwat ɗin coci, Hilda tana kallo. Na sa hannu a aljihu na ciro alli na ɗaga ya gani, Fenwick ma ya gani. Sannan na mayar da shi aljihu.